Faifai Ba Ya Mantuwa: Tsokaci A Kan Faya-fayan Jaz Da Masu Tara Su

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin karatuna ya san akwai wata kanta a kusurwar gabas wadda ba littattafai ne a kanta ba. Faya-fayan garmaho ne, sun kai ɗari biyu da 'yan kai, kuma kusan dukkansu na kiɗan nan ne na baƙaƙen fatar Amurka da ake kira jaz. Ɗalibaina sukan kalli kantar irin kallon da ake yi wa wanda ya tara tsofaffin takalma. Uwargida kuwa, in na ɗora ɗaya daga cikin faya-fayan John Coltrane na ƙarshen rayuwarsa, takan leƙo ta ce, "Malam, har yanzu mutanen naka ba su gama gwada kayan kiɗan ba?" Amma wadda ta fi kowa yanke hukunci ita ce Goggona. Ta zo daga gida ganin jikoki, na dawo daga aji na tarar ta rufe ƙwaryar fura da faifan Thelonious Monk. Da na yi magana sai ta ce, "Kai ɗan nan, ba faifai kuka ce sunansa ba?" Na rasa ta cewa, domin ta fuskar ilmin harshe ta fi ni gaskiya: daga faifan rufe ƙwarya Bahaushe ya ari sunan.

Wannan cuta ta kama ni ne a Legas, a rumfar wani dattijo mai sayar da tsofaffin faya-fayai. Da ya ji harshena ya gane daga inda na fito, sai ya shiga lalube cikin kwali ya zaro wani faifai ya ce, "Malam, wannan mutumin ya zauna a wajenku." Faifan shi ne Eastern Sounds na Yusef Lateef, wanda aka ɗauka a 1961. Na ɗauka dabarar ciniki ce irin ta 'yan kasuwa, ashe Baba gaskiya ya faɗa. Lateef ya zauna a Zariya daga 1981 zuwa 1985 yana bincike a Cibiyar Nazarin Al'adun Nijeriya ta Jami'ar Ahmadu Bello, inda ya mai da hankali a kan sarewar Fulani. Na kai faifan gida, na ji yadda yake busa obo, wata 'yar'uwar algaita ta Turawa, a cikin kiɗan bulus. Tun daga ranar aljihuna bai sake samun lafiya ba. (A nan ya kamata in nemi afuwar marigayin, domin ya ƙi jinin kalmar jaz, ga shi kuwa ita zan yi ta maimaitawa.)

Manufar wannan tsokaci ita ce duba wata matsala da ta shafi manazarcin adabi kai tsaye. Jaz kiɗa ne da ake ƙirƙirar mafi yawansa nan take, a yi shi sau ɗaya ya wuce. Faifai kuwa aikinsa shi ne hana abu wucewa. To, idan muka zauna muna sharhin faifan jaz, me muke wa sharhi? Kiɗan, ko kuwa abin da na'ura ta iya kamawa a wata rana da wata sa'a? Kuma idan makaɗi ya yi tuntuɓe a wannan sa'ar, me ya wajaba a kan mai tarke?

Gindi da ɗiya

Ga wanda bai saba da shi ba, tsarin jaz bai yi nisa da abin da muka sani a waƙar baka ba. In muka ari kalmomin da Sa'idu Muhammad Gusau ya daidaita mana a Jagoran Nazarin Waƙar Baka na 1993, akwai gindi, akwai ɗiya. Makaɗa sukan fara da wani kari sananne wanda kowa ya haddace, shi ne gindi. Daga nan sai kowane ɗayansu ya karɓi fage shi kaɗai, sauran suna riƙe masa kiɗa, ya yi ta ƙaga nasa zance a kan ginshiƙin wancan kari, har ya gaji ya miƙa wa na kusa. A ƙarshe a koma gindi a rufe. Gindi na kowa ne, ɗiya kuwa na mai shi ne, kuma ɗan da ya haifa yau ba shi zai haifa gobe ba. Wanda ya saurari Bakandamiyar Mamman Shata a kaset biyu daban-daban ya san abin da ake nufi.

Sai dai tun ranar farko faifai ya sa wa wannan kiɗa takunkumi. Faifan da ake yayi kafin 1948, mai juyi 78 a minti, ba ya ɗaukar abin da ya wuce minti uku da 'yan daƙiƙoƙi a kowace fuska. Makaɗan da suka saba kwana suna zuba a gidan rawa dole suka koyi faɗin abin da ke bakinsu cikin minti uku. Kafin 1925 ma ba a amfani da makirfo wajen ɗaukar faifai. Wani ƙaton mazurari ake busawa a ciki, shi kuma ya girgiza allurar da ke tsaga kakin zuma. Lokacin da ƙungiyar King Oliver ta je kamfanin Gennett a garin Richmond na jihar Indiyana a watan Afrilu na 1923, ɗakin ɗaukar sautin yana gab da hanyar jirgin ƙasa, in jirgi ya taho sai a dakata. Mai ganguna, Baby Dodds, ya rage kayansa ya koma ƙwanƙwasa katako, don kada allura ta yi tsalle. An kuma ruwaito cewa matashin da ke busa ƙaho na biyu, wato Louis Armstrong, nesa da mazurarin aka tsayar da shi saboda ƙarfin busarsa yana danne na maigidansa. Abin da muke ji a waɗannan faya-fayai, ke nan, ba shi ne abin da mutanen Cikago suka ji a gidan rawa ba. Inuwarsa ce, kuma da inuwar aka rubuta tarihi.

Wanda bai shiga faifai ba kuwa ya shiga tatsuniya. Buddy Bolden, wanda dattawan birnin New Orleans suka ce shi ne sarkin masu ƙaho na farko, an kai shi gidan masu taɓin hankali a 1907, ya rasu a can a 1931, ba mu da ko daƙiƙa ɗaya ta busarsa. Faifan farko da aka sayar da sunan jaz, a 1917, na wasu Turawa biyar ne da ke kiran kansu Original Dixieland Jass Band. Mai kiɗa daban, mai shiga faifai daban.

Faifai ma yana ƙarya

Mu masu tara faya-fayai muna da wata aƙida da ba mu cika furtawa ba, wato bugun farko shi ne gaskiya, sauran duk kwaikwayo ne. Akwai mutanen da za su ɗaga faifan kamfanin Blue Note su kara shi a haske kamar mai duban ƙwai, suna neman wata 'yar alama mai kama da kunne da masana'antar da ta buga shi take sawa, da haruffan RVG na Rudy Van Gelder, likitan gilashin idon da ya riƙa ɗaukar manyan makaɗa a falon gidan iyayensa kafin ya gina ɗakinsa a 1959. In alamomin sun cika, faifan Hank Mobley mai lamba 1568 yakan kai dubban daloli. Albashin malamin jami'a ya tsare ni daga wannan fitina, kuma ina yi wa albashin godiya a kan wannan kaɗai.

To, ga abin dariya. Faifan jaz da ya fi kowane shahara shi ne Kind of Blue na Miles Davis, wanda aka ɗauka a Niyok a ranakun 2 ga Maris da 22 ga Afrilu na 1959. A zama na farko, na'urar da ta ɗauki tef ɗin da aka yi bugun sitiriyo da shi tana tafiya a hankali fiye da ƙa'ida. Da aka juya tef ɗin a kan na'ura mai lafiya, sai kiɗa ukun da ke fuskar farko suka ɗan ƙara sauri, sautinsu ya ɗan ɗaga sama. Ba a gyara wannan ba sai a 1992. Shekara 33 ke nan masana suna lumshe ido suna yaba sanyin busar Miles a kan sautin da bai busa ba, ɗalibai kuma suna ɗora faifan suna bin sa da fiyano suna mamakin abin da ya sa nasu bai daidaita ba. Wanda ya zuba dukiya ya sayi bugun sitiriyo na farko, ya sayi kuskure da tsada. Yaron da ya saurara a wayar salula a kyauta shi ya ji daidai.

Wannan kuskuren na'ura ne. Akwai kuma na ganganci. A daren 7 ga Yuli 1956, a bikin jaz na Newport, Duke Ellington, wanda a lokacin ake ganin tauraronsa ya dushe, ya saki mai busa saksafon ɗinsa Paul Gonsalves a tsakiyar Diminuendo and Crescendo in Blue. Gonsalves ya zagaya ginshiƙin bulus sau 27 bai tsaya ba, jama'a suka tashi tsaye suna rawa a kan kujeru, har masu bikin suka ji tsoron hargitsi. Faifan da kamfanin Columbia ya fitar na wannan dare ya farfaɗo da Ellington. Amma shekaru da dama bayan haka aka bayyana cewa wani babban sashe nasa ba a Newport aka ɗauka ba. A ɗakin ɗaukar sauti aka sake shi bayan kwana biyu, aka liƙa masa tafi da sowa na aro. Shi kuma Gonsalves, ashe makirfon gidan rediyon Muryar Amurka ya fuskanta maimakon na Columbia, shi ya sa ake jin sa can nesa kamar mai busa a bayan gari. Sai da aka gano tef ɗin Muryar Amurka aka haɗa shi da na Columbia, a 1999, sannan duniya ta ji daren yadda ya kasance. Na saurari biyun, kuma dole in faɗi abin da ba ya yi wa mai tara tsofaffin faya-fayai daɗi: sabon ya fi. A cikinsa ana jin inda makaɗa suka yi sako-sako a sabon kiɗan da ba su gama haddacewa ba, wanda shi ne dalilin sake shi tun farko, kuma wannan sako-sakon ne yake sa a gane girman abin da ya biyo baya. Wanda bai ji yunwar farkon dare ba, ba zai san daɗin tuwon ƙarshensa ba.

Tuntuɓe a gaban allura

A nan ne maganar ta fi shafar mu. A adabin rubutu, kuskure abin gogewa ne. Marubuci yana da daftari na ɗaya da na biyu da na goma, kuma ba ma hukunta shi sai da na ƙarshe. Makaɗin jaz daftarinsa na farko shi ne bugunsa na ƙarshe.

Wani lokaci tuntuɓen yakan zama gushin gaba a fili, ba ya bukatar mai tarke ya kare shi. A Balin ta Jamus, ranar 13 ga Fabrairu 1960, Ella Fitzgerald ta kama waƙar Mack the Knife, ta yi nisa sai baitocin suka ɓace mata. Ba ta tsaya ba. Ta ci gaba da ƙaga nata a kan karin, tana ba jama'a labarin cewa ta manta, tana ambaton waɗanda suka rera waƙar kafin ita, har ta kwaikwayi muryar Armstrong mai kama da ana jan buhu a kan tsakuwa. Ta sami kyautar Grammy da wannan faifai. Wannan ba ya ba Bahaushe mamaki. Mawaƙin da ɗa ya ɓace masa a gaban sarki bai yi shiru ba, shi ne mawaƙi.

Wanda ya fi wuyar hukunci shi ne na Tommy Flanagan. Ranar 5 ga Mayu 1959, mako biyu kacal bayan kammala Kind of Blue, Coltrane ya shiga ɗakin kamfanin Atlantic da wani sabon kiɗa nasa mai suna Giant Steps. Gindin kiɗan gaɓa 16 ne, amma cikinsu akwai dunƙulen sauti 26, suna tsalle tsakanin mazaunan sauti uku masu nisa da juna, ga kuma gudu kamar an koro ɓarawo. A kwatanta da sha'irin da aka ce ya tsara waƙa nan take a gaban jama'a, amma kowace kalma biyu ya sauya kari, daga Kamil zuwa Wafir zuwa Mutaƙarab, ya komo, ba tare da ya numfasa ba. Coltrane ya daɗe yana tisa wannan a ɗakinsa. Flanagan, mai fiyano, ya ga takardar kafin ranar, amma bai zaci da irin wannan gudu za a yi ta ba. Da aka miƙa masa fage bayan Coltrane ya gama zuba, sai ya fara da 'yan jimloli gajeru, kowace ta katse kafin ta kai aya. Ana jin sa yana bin kiɗan a baya, yana kamawa yana kuɓucewa. Can wajen ƙarshe ya haƙura da ƙaga zance, ya koma danna dunƙulen sautin kawai, har Coltrane ya faɗo ya karɓe.

Shekara da shekaru ɗaliban kiɗa suna yi wa wannan wuri dariya. Ni ma na yi, kafin in fahimci abin da nake ji. Yanzu ina ganin cewa in aka cire Flanagan daga Giant Steps an cire ma'auninsa. Busar Coltrane a wannan faifai santsi gare ta har ta yi yawa. Wanda bai san kiɗa ba zai ɗauka abin mai sauƙi ne, kamar yadda mai kallon gwanin iyo daga gaɓa yake raina zurfin kogi. Sai da ƙwararre irin Flanagan, wanda ya yi aiki da Sonny Rollins, daga baya kuma ya daɗe yana yi wa Ella Fitzgerald kiɗa, ya shiga ruwan ya sha, sannan muka san zurfinsa. Ban da haka, akwai mutunci a yadda ya faɗi. Bai yi hayaniyar rufe kunya ba, bai watsa yatsu barkatai don a ɗauka fasaha ce ba. Inda ya ga hanya ya bi, inda bai gani ba ya yi shiru. Na san malamai da yawa, har da mai wannan rubutu, da ba su iya wannan ba in ɗalibi ya jefo tambayar da ta fi ƙarfinsu. A 1982 Flanagan ya fitar da faifai sukutum na kaɗe-kaɗen Coltrane, ya sake buga Giant Steps tsaf babu gargada. Ya biya bashi. Amma na 1959 ake saurara, kuma shi za a ci gaba da saurara, domin faifai ba ya mantuwa, ba ya kuma karɓar uzuri.

Masu sharhi ma faifan bai ƙyale su ba, tun da abin da suka yanke wa hukunci yana nan kowa na iya komawa ya ji. Da Ornette Coleman ya fitar da Free Jazz a 1961, inda makaɗa takwas suka yi ta zuba fiye da rabin sa'a kusan babu gindi, mujallar DownBeat ta ba mutum biyu su yi sharhi. Pete Welding ya ba shi tauraro biyar, wato maki na ƙoli. John Tynan bai ba shi ko ɗaya ba. Faifai ɗaya, shafi ɗaya. Duk malamin da ya taɓa zama da mai jarrabawa na waje a kan kundin ɗalibi ya san irin wannan rana. Sha'irin Ingila Philip Larkin kuwa, wanda ya yi shekara goma daga 1961 yana sharhin faya-fayan jaz a jaridar Daily Telegraph, da ya tattara sharhunan a littafinsa All What Jazz a 1970 sai ya fasa ƙwai a gabatarwa: ashe mafi yawan jaz ɗin zamani da yake yi wa kara ba ya ƙaunarsa. Ya haɗa Charlie Parker da Ezra Pound da Picasso a igiya ɗaya a matsayin waɗanda suka raba fasaha da jin daɗin ɗan'adam. Ban yarda da shi a kan Parker ba ko kaɗan. Amma na fi amincewa da shi a kan mai sharhin da bai taɓa ƙin komai ba, kuma in ana son a ji yadda ake bayyana sauti da kalmomi, a karanta shi a kan Armstrong ko Sidney Bechet, inda zuciyarsa take.

Lover Man

Tun da an ambaci Parker, bari in zo kan faifan da ya sa na ɗauki alƙalami. Babu makaɗin da masu tara sauti suka bi kamar shi. Wani mai busa saksafon da ake kira Dean Benedetti ya riƙa bin sa gidajen rawa a 1947 da 1948 da 'yar na'urarsa, in Parker ya fara busa ya kunna, in ya miƙa wa wani ya kashe, ko da wanin Miles Davis ne. An fitar da waɗannan gutsattsarin a 1990, ɗiya zalla babu gindi, babu farko babu ƙarshe, kuma mutane suka saya. Wannan ita ce cutarmu in ta kai maƙura: son duk abin da gwani ya taɓa, har da tarinsa.

Ranar 29 ga Yuli 1946, a birnin Los Anjalis, Parker ya je ɗaukar faifai na kamfanin Dial, mallakar Ross Russell. Yana da shekara 25. Ya daɗe da kamuwa da hodar iblis nau'in hirowin, an kama mai sayar masa, sai ya koma kwankwaɗar barasa don kashe raɗaɗin rashinta. Ya iso ba ya iya tsayuwa sosai, jikinsa yana fizga. A haka aka kunna na'ura. A kiɗan Lover Man, mai fiyano ya yi shimfiɗa ya kai inda ya kamata Parker ya shigo, Parker bai shigo ba. Mai fiyanon ya ci gaba, sannan can aka ji saksafon ta lallaɓo a makare. An ruwaito cewa Russell ne ya riƙe shi ta baya a gaban makirfo. A daren nan ya fito tsirara a zauren masaukinsa, daga baya katifarsa ta kama wuta, 'yan sanda suka tafi da shi, aka kai shi asibitin masu taɓin hankali na Camarillo inda ya yi wata shida. Russell ya fitar da faifan. Parker bai taɓa yafe masa ba.

Zan faɗi abin da kunnena ya ji. Parker da aka sani mai gudu ne kamar ruwan kwazazzabo, jimlarsa ba ta yankewa sai inda ya so. A nan kuwa sautin siriri ne, yana rawa, numfashi yana ƙare masa a tsakiyar magana. Yakan kama jimla ya sake ta, ya yi shiru inda ba wurin shiru ba, sannan ya dawo da wata 'yar gajeruwa wadda, abin mamaki, ta faɗa daidai inda ya kamata a cikin ginshiƙin kiɗan. Jiki ya rushe, amma hankalin da ke tsara sauti bai rushe ba, yana nan yana lalube cikin duhu yana samun ƙofa. Waƙar asali ta mai kaɗaici ce da ke begen masoyin da bai zo ba, kuma ban taɓa jin an busa kaɗaici haka ba. Charles Mingus, wanda ba ya yabo da arha, ya lissafa shi cikin manyan faya-fayan Parker. Wani marubuci da ke ɗakin a ranar, Elliott Grennard, ya mai da abin gajeren labari mai suna Sparrow's Last Jump, aka buga a mujallar Harper's a 1947. Tun tawada ba ta bushe ba, ke nan, ciwon mutumin ya zama adabi.

To, amma da wane ma'auni zan yabe shi? Ella ta manta baiti ta mai da mantuwar wasa. Ita ta zaɓa. Flanagan ya faɗi a kokawar da ya shiga da ƙafarsa yana cikin hayyacinsa. Parker bai zaɓi komai ba a wannan rana, kuma da ya dawo hayyacinsa ya ce ba ya son a ji. In na ce fasaha ce, na mai da rashin lafiyar mutum salo, kamar in ga mai farfaɗiya ya faɗi in yaba rawarsa. Akwai kuma wata tsohuwar ɗabi'a mara kyau a tarihin wannan kiɗa, ta masu saurare da ke son baƙin makaɗi ya fi kyau in yana shan wuya, kuma ba na son in sami kaina a sahunsu. Matasan makaɗa da yawa na wancan zamani sun ɗauka hodar ce sirrin Parker, suka bi shi, wasu ba su dawo ba. In kuwa na ce ba fasaha ba ce, na yi wa kunnena ƙarya, domin a 1951 Parker ya sake ɗaukar Lover Man don ya goge na farko, kuma na biyun ya fi tsabta ta kowace fuska, amma ba ya hana ni barci. Na farkon yana hanawa.

Matsayin da na tsaya a kai, bayan jujjuya abin, shi ne cewa ana iya sharhin wannan faifai amma ba a ba shi tauraro. Maki na wanda ya shiga jarrabawa da saninsa ne. Abin da ke cikin Lover Man na 1946 shaida ce, kuma wanda ya saurare ta ya ɗauki nauyin sanin yadda aka same ta. Mai sharhin da ya yaba sautin ya ɓoye labarin ya ci amanar mai karatu, wanda kuma ya ba da labarin don armashi ya ci amanar mamaci. Ina zargin kaina da na biyun a wannan shafi ma. Wannan tambaya ba ta tsaya ga Amurka ba. Duk wanda a cikinmu ya taɓa kai rikoda gaban tsohon mawaƙi da murya ta gaza masa, ya dawo ya juye kaset ɗin a takarda ya kira shi matani, ya san ba kullum ake tambayar mai muryar ko yana son a ajiye ta ba.

Parker ya fito daga Camarillo a farkon 1947 da ƙiba da lafiya, ya koma wa Russell ɗin nan dai ya ɗauki wani kiɗa da aka sa wa suna Relaxin' at Camarillo, wato hutawa a Camarillo, wanda ya nuna ko ba komai akwai sauran barkwanci a wurin. Ya rasu ranar 12 ga Maris 1955 yana da shekara 34. Likitan da ya duba gawar ya ƙiyasta shekarunsa tsakanin 50 da 60. Shi da Yusef Lateef sa'o'in juna ne, duka an haife su a 1920. Lateef ya kai 2013, ya rasu yana da shekara 93, bayan ya koyar, ya rubuta littattafai, ya zauna da masu sarewa a Zariya. A kantata tsarin abjadi ya raba su da 'yan faya-fayai kaɗan, Mingus da Monk suna tsakani, na Monk ɗin har yau da ɗan tabon fura a gefen takardarsa.

Nawa Lover Man ɗin ba bugun Dial ba ne, wani tarin da aka sake bugawa ne can baya, na same shi a rumfar Baba a zuwana na ƙarshe kafin ya tashi daga wurin. Yana da ƙarce a daidai inda mai fiyano yake jiran Parker, saboda haka a garmahona allura takan maƙale a nan, ta yi ta maimaita gaɓa ɗaya, Parker bai shigo ba. Sai na tashi na ɗan tura ta da yatsa. Rannan ina zaune ban tashi da wuri ba, uwargida ta leƙo ta tsaya tana saurare, sannan ta ce, "Malam, wannan kuma wa yake jira?"